Jinyar Tsofaffi a Matsayin Sana'a: Yadda Ake Koyonta da Inda Take Kai Mutum

Gabatarwa

Da wuya a sami gida a ƙasar Hausa wanda bai taɓa jinyar tsoho ba. Dattijo ya fito da asuba zai tafi masallaci, santsi ya kwashe shi a bakin rariya, ƙashin kwatangwalo ya karye. Ko kuwa hawan jini ya shanye wa gyatuma ɓarin jiki. Bayan an sallamo su daga asibiti sai a shimfiɗa musu katifa a ɗaki, 'ya'ya da jikoki da surukai su duƙufa ga hidima. Abinci ba ya yankewa, masu dubiya ma ba sa yankewa. Amma sau da yawa kafin a yi wata biyu sai a ga gyambo ya ɓulla a bayan majinyacin, ƙafafunsa sun ƙage, tari ya kama shi, har ya daina gane mutane. Daga nan sai a ce ai tsufa ne, ba shi da magani.

Binciken likitoci ya tabbatar da cewa yawancin waɗannan matsaloli doguwar kwanciyar ce ke haifar da su, kuma ana iya kauce musu idan mai jinya ya san abin da ya kamata ya yi. Wannan sani ne ya zama sana'a mai zaman kanta a ƙasashe da dama, wadda ke da makarantu da jarrabawa da lasisi da matakan ƙarin girma. Ƙasar Japan na cikin waɗanda suka yi nisa ƙwarai a wannan fage, saboda haka tsarinta ya cancanci a dube shi da kyau kafin a waiwayo gida.

Duniya na Tsufa

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 mutanen da ke da shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1, kuma a wannan shekara ce yawansu ya zarce na yara 'yan ƙasa da shekara 5. Hukumar ta yi hasashen za su kai biliyan 1.4 a 2030, wato mutum ɗaya cikin kowane shida, sannan su kai biliyan 2.1 a 2050. 'Yan shekara 80 zuwa sama, waɗanda su ne suka fi buƙatar taimako, ana sa ran za su ninka sau uku a tsakanin 2020 da 2050, su kai miliyan 426. Akasarin tsofaffin wancan lokaci a ƙasashe masu tasowa za su kasance.

A Nijeriya tsofaffi kimanin kashi 5 ne cikin 100 na jama'a. Kason kamar kaɗan ne, amma a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 yana nufin mutum wajen miliyan 10. Bugu da ƙari, gidan gandu da aka saba dogaro da shi yana sauya kama. 'Ya'ya maza sun watsu birane neman abinci, mata sun shiga makaranta da aikin albashi da kasuwanci, gidajen haya kuma ba su da faɗin gidan kaka. Ga shi kuma cututtuka irin su hawan jini da ciwon suga na barin mutum da rai shekaru masu yawa yana buƙatar mai ɗaga shi da mai kwantar da shi.

Me Ya Sa Sai An Koya?

Mai karatu na iya tambaya, mene ne abin koyo a ba tsoho abinci ko yi masa wanka? Amsar tana cikin sauye-sauyen da tsufa ke kawowa a jikin ɗan Adam.

A fara da fata. Idan mutum ya kwanta, nauyin jikinsa na danne fata da nama a tsakanin ƙashi da shimfiɗa, sai ƙananan jijiyoyin jini su matse, naman wurin ya rasa iskar oksijin. Mai lafiya yana juyawa cikin barci ba tare da ya sani ba, jini ya koma wurin. Wanda ba ya iya juyawa kuwa, cikin 'yan awoyi naman na iya fara mutuwa, musamman a ƙugu da dugadugai da kwatangwalo. Haka gyambon kwanciya ke somawa, kuma idan ya yi zurfi yakan kai har ƙashi, ya zama ajalin majinyaci. Horarren ma'aikaci ya san a juya marar lafiya kusan duk bayan awa biyu, a tsane masa jiki daga fitsari da gumi, kuma a ɗaga shi maimakon a ja shi a kan zani. Ya kuma san cewa littattafai da yawa sun ce alamar farko ita ce wurin ya yi ja, alhali a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Abin lura shi ne wurin ya fi kewayensa duhu, ko ya yi sheƙi, ko a ji shi da zafi ko tauri.

Sai tsoka. Tun daga wajen shekara 30 tsokar jiki ke raguwa sannu a hankali, kwanciya kuma tana gaggauta wannan raguwa. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya a gado kwana 10 bisa yardarsu, aka tarar sun yi asarar kusan kilo 1 na tsokar ƙafafu. Ke nan tsohon da aka hana shi motsi don tausayi, ana ce masa ya huta, tausayin ne ke raba shi da tafiya.

Raunin tsoka na kai ga faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sakamakon faɗuwa, kuma 'yan sama da shekara 60 ne suka fi yawa a cikinsu. Wani lokaci dalilin shi ne jini kan sauka farat ɗaya idan tsoho ya miƙe daga kwance, jiri ya ɗebe shi. Don haka ake koya wa ma'aikaci ya zaunar da shi a bakin gado na ɗan lokaci kafin ya tsayar da shi. Ana kuma koya masa duba gida da idon rigakafi: bakin tabarma da ya tashi, santsin banɗaki, dokin ƙofa mai tudu, duhun zaure, silifas da ya yi yawa.

Haɗiya ma tana rauni, balle ga wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki. Idan aka ɗura wa mutum kunu yana kwance, ruwan na iya sarƙe shi ya bi hanyar numfashi, ya shiga huhu tare da ƙwayoyin cutar da ke baki, ciwon namoniya ya biyo baya. Maganin shi ne a zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan, a bar shi zaune kamar rabin awa bayan ya gama, a kuma tsabtace masa baki. Wasu likitocin Japan sun bi tsofaffi na tsawon shekara biyu a gidajen jinya 11, suka bayyana a 1999 cewa kashi 19 cikin 100 na waɗanda ba a kula da bakinsu ta musamman ba sun kamu da namoniya, waɗanda ake goge wa haƙora bayan kowane abinci kuwa kashi 11 ne kawai suka kamu. Buroshi da asuwaki ke nan sun shiga sahun magunguna.

Har ila yau, ƙishirwa ba ta kama tsoho da wuri, ko da jikinsa na buƙatar ruwa. A lokacin bazara, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, jiran tsoho ya nemi ruwa da kansa ganganci ne. Ƙoda da hanta su ma aikinsu na raguwa, sai magani ya daɗe a jiki, adadin da ya dace da matashi ya yi wa tsoho yawa.

Mafi wuyar al'amari shi ne na ƙwaƙwalwa. Abin da Bahaushe ke kira gigin tsufa cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane tsoho ke samunta ba. A 2021 mutum miliyan 57 ke fama da ita a duniya, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 kuma nau'in da likitan Jamus Alois Alzheimer ya fara bayyanawa ne a 1906. Tana zuwa a hankali cikin watanni da shekaru. Akwai kuma ruɗewa ta farat ɗaya, inda tsohon da yake garau jiya ya wayi gari yana sambatu. Wannan sau da yawa alama ce ta ciwon mafitsara, ko namoniya, ko ƙarancin ruwa, ko illar magani, kuma takan warke idan an gaggauta kai shi asibiti. Ma'aikacin da ya iya bambance waɗannan biyu yana ceton rai. Yana kuma ceton mutunci, domin a wurare da dama na Afirka an sha jifar tsofaffin mata masu wannan cuta da zargin maita.

Asalin Fannin

A 1909 wani likita a birnin New York mai suna Ignatz Nascher ya ƙirƙiro kalmar jeriyatiriks daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin tsufa da warkarwa, yana mai cewa kamar yadda yara ke da likitocinsu haka ya kamata tsofaffi su samu. Amma wadda ta nuna abin a aikace ita ce Dakta Marjory Warren ta Ingila. A 1935 asibitin West Middlesex da take aiki a ciki ya karɓi ragamar wani gidan gajiyayyu da ke maƙwabtaka da shi, inda aka tara majinyata fiye da 700, akasarinsu tsofaffi, an yanke ƙauna daga gare su. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, ta gano cewa da yawa suna da cututtukan da ake iya magancewa. Ta sa aka gyara hasken ɗakuna, aka kafa abin dafawa a bango, aka tayar da majinyata daga gado ana koya musu tafiya da cin abinci da hannunsu. Da yawa daga cikin waɗanda aka ɗauka a nan za su mutu sun koma gidajensu. Rubuce-rubucenta na 1943 da 1946 sun taimaka wajen kafa wannan fanni a Birtaniya.

A 1963 kuma wani likitan Amurka, Sidney Katz, ya fito da ma'aunin da har yau ake amfani da shi don auna dogaron tsoho da kansa. Abubuwa shida ake dubawa: wanka, sa tufafi, zuwa banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci. A kan waɗannan shida ne aikin mai kula da tsofaffi ya ginu.

Tsanin Japan

A 1970 'yan shekara 65 zuwa sama sun kai kashi 7 cikin 100 na mutanen Japan, a 1994 suka kai kashi 14. Abin da ya ɗauki Faransa fiye da shekara 100, Japan ta yi shi cikin shekara 24. A 2023 kason ya kai 29 cikin 100.

A al'adar Japan ta da, matar babban ɗa ce ke ɗaukar jinyar surukanta. Da mata suka fita aiki, iyalai suka ƙanƙance, tsofaffi kuma suka ƙara tsawon rai, sai nauyin ya fi ƙarfin mace ɗaya. A 1972 marubuciya Sawako Ariyoshi ta fitar da wani ƙagaggen labari game da wata ma'aikaciya da ke jinyar surukinta mai gigin tsufa, aka sayar da kwafi fiye da miliyan ɗaya, abin da ake ɓoyewa a ɗaka ya fito fili. A 1973 gwamnati ta mayar da magani kyauta ga 'yan shekara 70 zuwa sama, sai asibitoci suka cika da tsofaffin da aka kwantar watanni saboda kawai babu mai kula da su a gida. Kuɗin ya yi yawa, tsofaffin kuma suna ta ƙagewa a gado.

Daga nan aka gane cewa ma'aikata na musamman ake buƙata. A 1987 aka kafa dokar da ta samar da lasisin ƙasa mai suna kaigo fukushishi, wato ƙwararren mai kula da gajiyayyu. A 1989 aka ƙaddamar da wani shiri na shekara goma da ake kira Shirin Zinariya, wanda ya ƙudurci samar da masu taimakon gida 100,000. Sannan a watan Afrilu na 2000 inshorar jinyar tsufa ta fara aiki. Duk wanda ya kai shekara 40 yana biyan kuɗin inshorar, gwamnati kuma na ɗaukar rabin nauyin daga haraji. Idan tsoho ya buƙaci taimako sai a auna shi, a sanya shi a ɗaya daga cikin matakai bakwai, akasari ya biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin hidimar da aka yi masa. Wannan inshora ce ta samar da albashin ma'aikata, ta mayar da jinya kasuwar aiki.

Matakin farko na tsanin shi ne kwas na share fage na awa 130, wanda ya fara aiki a wannan siga a 2013. Ba a neman wata shaidar karatu mai zurfi kafin a shiga. Ana koyar da kiyaye mutuncin tsoho, da sanin tsufa da gigin tsufa, da yadda ake magana da majinyaci da iyalinsa. Awa 75 daga ciki na tafiya ne a kan tsarin jiki da aikin hannu: ɗagawa, juyawa, wanka, ciyarwa, sauya tufafi, tura keken guragu. Wanda ya ci jarrabawar ƙarshe na iya shiga gidajen mutane ya yi aikin da ya shafi taɓa jikin majinyaci.

Mataki na biyu kwas ne na awa 450, wanda ake rage shi zuwa 320 ga wanda ya riga ya yi na farko. A nan ake zurfafawa cikin tsara jinya, wato a tattara bayanin majinyaci, a gano buƙatarsa, a rubuta shiri, a aiwatar, a auna sakamako. Ana kuma koyar da tushen wasu ayyukan da a da nas-nas kaɗai ke yi, kamar zuƙe majina daga maƙogwaro da ciyarwa ta roba, waɗanda doka ta halatta wa horarrun masu kula tun 2012.

Mataki na uku shi ne lasisin ƙasa, kuma hanyoyi uku ne manya ke kai wa gare shi. Ma'aikacin da ya yi shekara uku a bakin aiki, ya kuma kammala kwas na biyu, na iya zama jarrabawar ƙasa da ake yi sau ɗaya a shekara. Wanda ya gama sakandare na iya shiga kwalejin horo ta aƙalla shekara biyu, mai darussa na awa 1,850. Akwai kuma manyan makarantun sakandare na musamman da ke koyar da fannin, ɗalibi ya fito ya zauna jarrabawar kai tsaye. Zuwa 2023 masu wannan lasisi sun doshi miliyan 2.

Bayan shekara biyar da aiki da lasisi, ma'aikaci na iya zama wata jarrabawar ya zama manajan jinya. Shi ne ke zama da tsoho da iyalinsa, ya tsara wace hidima za a yi, ranar da mai wanka zai zo, ranar da za a kai shi cibiyar yini, irin gadon da za a yi haya, ya kuma haɗa kan likita da nas da mai gashi. Wasu kan zama shugabannin gidajen jinya, wasu malamai a kwalejojin horo, wasu su buɗe kamfaninsu.

Ƙa'idar da ke bin dukan waɗannan matakai ita ce tallafa wa dogaro da kai. Idan tsohuwa na iya ɗaura ɗankwalinta cikin minti biyar, ba a ɗaura mata cikin daƙiƙa goma. Ana jira ne, a taimaka inda ta gaza kawai.

Duk da wannan tsari, Japan ba ta huta ba. Albashin masu kula ya gaza matsakaicin albashin sauran ma'aikata, ciwon baya ya yi musu yawa saboda ɗaga mutane, wasu masu lasisi ma sun bar aikin. A 2024 Ma'aikatar Lafiya ta ƙasar ta ƙiyasta cewa za a buƙaci ma'aikata miliyan 2.72 a 2040, wato ƙarin 570,000 a kan na 2022. Ƙasar ta buɗe ƙofa ga baƙi, daga Indunusiya a 2008, Filifin a 2009, Biyetnam a 2014, sannan ta faɗaɗa hanyar a 2019. Sai dai mai son lasisin ƙasa dole ya rubuta jarrabawar da harshen Japananci.

Jamus da Birtaniya

Jamus ta riga Japan kafa inshorar jinya, a 1995. Tun 1 ga Janairu 2020 ta haɗe horon masu jinyar tsofaffi da na yara da na asibiti wuri guda, na tsawon shekara uku: aƙalla awa 2,100 a aji, awa 2,500 a bakin aiki. Ɗalibi ba ya biyan kuɗin makaranta, hasali ma ana biyansa alawus duk wata, kuma idan ya gama yana iya aiki a asibiti ko gidan tsofaffi ko gidajen mutane.

A Ingila kuwa ƙofar shiga ta fi sauƙi. Bayan wani bita da aka yi a 2013 ya nuna cewa horon mataimakan jinya ba shi da tsayayyen ma'auni, an fito da satifiket na share fage a 2015, wanda sabon ma'aikaci kan kammala cikin kimanin mako 12 yana aiki. Daga nan sai difloma mataki-mataki har zuwa ta shugabancin gidan jinya.

Labarin Birtaniya ya shafi Nijeriya kai tsaye. A watan Fabrairu na 2022 ƙasar ta fara ba masu kula da tsofaffi daga waje biza, 'yan Nijeriya kuma na cikin waɗanda suka fi tururuwa. Wasu sun dace. Wasu sun sayar da filaye da gidaje suka ba dillalai miliyoyin naira, da suka isa suka tarar babu aikin. Gwamnatin Birtaniya ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke lasisin ɗaukar baƙi na kamfanonin jinya fiye da 470, abin da ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. A watan Maris na 2024 an hana masu wannan biza tafiya da iyalansu, a watan Yulin 2025 kuma aka rufe ɗaukar sababbin masu kula daga ƙasashen waje. Duk dillalin da ke tallar wannan hanya a yau, a yi hattara da shi.

Hanyoyin da ke Buɗe a Nijeriya

Fannin sabo ne a Nijeriya, amma ya fara kafuwa. A watan Nuwamba na 2012 aka buɗe Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Cif Tony Anenih a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wadda ita ce ta farko da aka gina musamman don tsofaffi a ƙasar. A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, a 2021 cibiyar ta fara aiki, a wannan shekara ce kuma gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Cibiyar ta haɗa hannu da Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wato NBTE, wajen tsara ma'aunin horar da masu kula da tsofaffi da ba su takardar shaida.

Ga ɗalibin sakandare, mabuɗin yawancin ƙofofin ɗaya ne: kiredit biyar a Ingilishi, lissafi, bayoloji, kemistiri da fizik a jarrabawar WAEC ko NECO. Da su zai iya shiga kwalejin fasahar kiwon lafiya ya yi shekara uku ya zama ma'aikacin lafiya na al'umma, wanda aka fi sani da CHEW. Shi ne mafi kusa da tsofaffin karkara, domin a ƙaramin asibitin ƙauye yake aiki yana kuma shiga gidaje. Zai iya shiga kwalejin koyon aikin jinya, ko ya yi digirin jinya na shekara biyar a jami'a, ya sami lasisin Hukumar Nas-nas da Ungozoma ta Nijeriya. Akwai fannin gashi da motsa gaɓoɓi, wato fisiyo, wanda ake karantawa a jami'o'i da dama har da Jami'ar Bayero ta Kano. Masu wannan ilimi ne ke mayar da mai shanyewar jiki kan ƙafafunsa. Mai son zama likitan tsofaffi zai yi shekara shida a karatun likita, ya ƙware a fannin lafiyar iyali ko cututtukan cikin jiki, sannan ya karkata ga tsofaffi. Ɗaliban da ba na kimiyya ba su ma suna da wuri ta hanyar karatun aikin jin daɗin jama'a, domin rikicin fansho da kaɗaici da cin zarafin tsofaffi ba allura ke magance su ba. Kafin a biya kuɗin kowace makaranta, wajibi ne a tabbatar hukumar da ke ba da lasisin fannin ta amince da ita.

Mai yin wannan aiki a ƙasar Hausa yana buƙatar ilimin da ba a rubuta a littattafan Japan ko Jamus ba. Kunya na iya hana dattijuwa faɗin cewa fitsari na kufce mata, musamman idan namiji ne ke tambaya, shi ya sa ake buƙatar maza da mata duka a sana'ar. Dattijon da ya kai shekara 80 ba a kiran sunansa gatsau. Baba ne, ko Malam, ko Alhaji. Ma'aikaci zai san yadda zai taimaka wa marar lafiya ya yi alwala ko taimama, ya daidaita lokacin wanka da magani da lokutan salla, ya kuma tura mai ciwon suga da ya nace kan azumi ga likita maimakon ya yi jayayya da shi. Kuma da yake yawancin iyalai ba za su yarda a kai iyayensu gidan tsofaffi ba, babban aikin zai kasance a cikin gidaje ne: ma'aikaci ya zo, ya duba, ya yi abin da ke buƙatar gwaninta, ya koya wa 'ya'ya da surukai sauran.

Kammalawa

Tun ran gini tun ran zane. Malaman bayoloji da na kimiyyar lafiya na iya cusa misalan tsufa a darussan fata da tsoka da numfashi, ƙungiyoyin kimiyya na makarantu kuma su ribaci ranar 1 ga Oktoba, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa tsofaffi tun 1990, su gayyato nas ko mai gashi ya nuna wa ɗalibai yadda ake juya majinyaci da yadda ake tayar da shi ba tare da an ji ciwon baya ba. Ɗalibin da ke da kaka a gida na iya somawa yau: ya duba hanyar da take bi zuwa banɗaki da dare, ya lura da yawan ruwan da take sha, ya taimaka mata ta taka 'yan sawu a tsakar gida da safe.

Idan Allah ya kai rai 2050, ɗalibin da ke sakandare a yau zai kasance magidanci ɗan shekara wajen 40. Iyayensa da malamansa na cikin tsofaffi biliyan 2.1 da ƙididdiga ke magana a kansu, kuma irin jinyar da za su samu ta dogara ne ga yawan waɗanda suka zaɓi wannan sana'a daga azuzuwan yau, da ingancin horon da aka ba su.